BABI NA UKU: ƊALIBAI MATA DA NEMAN ABIN KOYI TA HANYAR FASAHAR ZANE A KALIFONIYA, 1970–1979

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazari ne a kan wani yunƙuri da wasu ɗalibai mata da malamansu suka yi a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka daga shekarar 1970 zuwa 1979, inda suka mayar da fasahar zane da sassaƙa da saƙa hanyar tono tarihin matan da suka gabace su. Za a duba yanayin da ya haifar da yunƙurin, da yadda aka gudanar da karatun, da manyan ayyuka biyu da suka fito daga cikinsa. Daga ƙarshe za a yi tsokaci a kan matsalar shugabanci da ta taso a tsakanin matan su kansu, domin a nan ne darasin wannan tarihi ya fi fitowa fili.

3.1 Yanayin Karatun Zane Kafin 1970

A shekarun 1960 mata sun yi yawa a azuzuwan koyon zane na kwalejojin Amurka, amma akasarin malamansu maza ne, haka kuma waɗanda ake karanta tarihinsu. Babban littafin da ake koyar da tarihin zane da shi a lokacin, wato wanda H. W. Janson ya wallafa a 1962, bai kawo aikin mace ko guda ɗaya ba, kuma haka ya ci gaba da fitowa har sai a bugun 1986 aka shigar da mata. Ke nan ɗaliba za ta iya gama digirinta ba tare da an ambata mata sunan wata mace da ta yi fice a sana'ar da take koyo ba. Wanda bai ga sawun kowa a gabansa ba kuwa, da wuya ya yarda cewa hanyar tana ɓullewa.

A daidai wannan lokaci fafutukar neman 'yancin mata ta kankama a ƙasar. An kafa babbar ƙungiyar mata ta ƙasa a 1966, sannan a 1970 Kwalejin Jiha ta San Diego ta buɗe sashen nazarin al'amuran mata na farko a Amurka. A watan Janairu na 1971 masaniyar tarihin zane, Linda Nochlin, ta buga wata maƙala a mujallar ARTnews wadda ta tattauna dalilin da ya sa ba a samu mata a jerin manyan masu zane ba. Bayaninta shi ne, rashin bai samo asali daga ƙarancin basira ba. Makarantu da al'adu ne suka toshe wa mata ƙofofin horo, musamman darasin zana surar jikin ɗan Adam, wanda sai da shi ake kai wa ga manyan ayyuka a Turai.

3.2 Ajin Fresno

Malamar da ta fara mayar da wannan tunani zuwa darasin aji ita ce Judy Chicago. An haife ta a birnin Chicago a 1939, sunanta na yanka Judith Cohen, ta kuma yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A 1970 ta ajiye sunan mahaifinta da na mijinta da ya rasu, ta ɗauki sunan garin haihuwarta. A wannan shekara ce ta kama aikin koyarwa a Kwalejin Jiha ta Fresno, inda ta nemi izinin buɗe aji na mata zalla. Ɗalibai 15 ta ɗauka, daga cikinsu akwai Suzanne Lacy da Faith Wilding da Nancy Youdelman.

Abu na farko da ajin ya yi shi ne barin harabar kwalejin. Ɗaliban sun kama hayar wani tsohon gini a cikin gari, kowace tana ba da gudummawar dala 25 a wata domin biyan haya da sayen kayan aiki. Su da kansu suka nemo ginin, suka yi ciniki da mai shi, suka ɗauki guduma da zarto suka gyara shi. Manufar malamar ita ce ɗaliba ta saba da yanke shawara da riƙe kuɗi da mu'amala da 'yan kasuwa, tun da waɗannan su ne abubuwan da tarbiyyar wancan zamani ta bar wa maza.

Karatun ya tsaya ne a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne zaman wayar da kai, inda ake zama a da'ira a ɗauki batu guda, kamar kuɗi ko aure ko tsoro ko dangantaka da uwa, kowace ta faɗi abin da ta gani a rayuwarta ba tare da an katse ta ba. Abin da ya fito daga zaman shi ake mayarwa zane ko wasan kwaikwayo ko hoto. Na biyu shi ne bincike. Ɗaliban sun bazu a ɗakunan karatu suna zaƙulo sunayen mata masu zane da marubuta na da, suna ɗaukar hotunan ayyukansu domin nunawa ta majigi. Da haka neman abin koyi ya tashi daga buri ya zama aikin makaranta wanda ake rarraba wa ɗalibai.

3.3 Gidan Mata na 1972

A 1971 Chicago ta koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda aka fi sani da CalArts, tare da wasu daga cikin ɗalibanta na Fresno. A can ta haɗu da Miriam Schapiro suka jagoranci shirin tare. Da yake ba a kammala ginin sabuwar makarantar ba, sai malamar tarihin zane ta shirin, Paula Harper, ta kawo shawarar a nemi gida a mayar da shi wurin aiki. Aka samu wani tsohon gida mai ɗakuna 17 a unguwar Hollywood, wanda aka riga aka shirya rushe shi. Daga watan Nuwamba na 1971 ɗalibai 21 suka duƙufa wajen gyaran tagogi da bango da fenti a cikin sanyin hunturu. Suka raɗa wa aikin suna Womanhouse, wato Gidan Mata.

Kowane ɗaki an mayar da shi bayani a kan wani fanni na rayuwar matar gida. An shafe kicin gaba ɗayansa da fenti ruwan hoda, aka manna siffofin soyayyen ƙwai a rufi waɗanda suke rikiɗewa zuwa siffar nono yayin da suke gangarowa a bango, domin nuna cewa ciyarwa ce kawai ake nema daga wurin mace. Sandra Orgel ta sanya mutum-mutumin mace a cikin kabad na ajiye zannuwan gado, katakon kantoci ya ratsa jikinta. Kathy Huberland ta tsayar da mutum-mutumin amarya a saman matakala ta fuskanci bango, jelar rigarta ta sauko har ƙasa tana ƙara dauɗa. Faith Wilding kuwa ta saƙa ɗaki sukutum da zare da kwarashi. An kuma yi wasanni inda ɗaliba za ta durƙusa tana goge daɓe, ko ta tsaya tana guga, tsawon lokaci ba tare da ta ce uffan ba, har masu kallo su ƙosa.

An buɗe gidan ga jama'a daga 30 ga Janairu zuwa 28 ga Fabrairu na 1972, kuma kimanin mutane 10,000 suka ziyarce shi. Muhimmancinsa ga wannan bincike shi ne, ya faɗaɗa ma'anar abin koyi. A Fresno ana neman fitattun mata ne a cikin littattafai. A nan kuwa uwa da kaka, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan saƙa da ɗinki da girki, su ma sun shiga sahun magabata, kuma sana'ar hannunsu ta samu shiga fagen da a da ake ganin ta yi ƙanƙanta da shi.

3.4 Teburin Walima

Binciken da aka faro a Fresno ya kai ƙololuwarsa a aikin da ake kira The Dinner Party, wato Walimar Cin Abinci, wanda aka yi daga 1974 zuwa 1979. Wani babban tebur ne mai kusurwa uku, kowane gefe tsawonsa ƙafa 48, an shirya wa mata 39 mazauni a kansa, 13 a kowane gefe. Kowace an yi mata farantin tangaran mai ado na musamman, da ƙyallen shimfiɗa wanda aka yi wa ɗinkin ado irin na zamanin da ta rayu. Daga cikinsu akwai Hatshepsut sarauniyar tsohuwar Masar, da Hypatia masaniyar lissafi ta Iskandariya, da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, da marubuciya Virginia Woolf. A daɓen da teburin yake kai an rubuta sunayen wasu mata 999 da ruwan zinariya. Kimanin 'yan sa-kai 400 ne suka sa hannu a aikin, mafi yawansu mata. Diane Gelon ta jagoranci masu binciken sunaye, Susan Hill kuma ta jagoranci masu ɗinki.

An fara nuna shi a San Francisco a watan Maris na 1979, kuma kusan mutane 100,000 suka gan shi cikin wata uku. Duk da haka ya sha suka. Wasu masu sharhi sun ƙi shi saboda adon farantan yana nuni da halittar jikin mace. A 1990, lokacin da aka yi niyyar ba da shi kyauta ga wata jami'a a birnin Washington, 'yan majalisar dokokin ƙasar sun yi ta muhawara a kansa har aka janye kyautar. Sai a 2007 ya samu mazauni na dindindin a gidan adana kayan fasaha na Brooklyn da ke New York.

3.5 Matsalar Shugabanci a Cikin Gida

Sukar da ta fi nauyi ta fito ne daga matan su kansu, kuma ta kasu kashi uku.

Na farko ya shafi iko a cikin aji. Shirin ya ginu ne a kan cewa kowa daidai take a da'irar tattaunawa, alhali malama ce ke ba da maki, ita ce kuma ke da suna a idon duniya. Da Paula Harper ta waiwayi tsofaffin ɗaliban a wani nazari da ta buga a 1985, ta tarar da waɗanda suke yaba horon, ta kuma tarar da waɗanda suka fita da ɓacin rai saboda tsananin malamansu da yawan aikin da aka ɗora musu.

Na biyu ya shafi suna. Aikin da aka yi domin ceto sunayen matan da tarihi ya binne, da sunan mutum ɗaya aka san shi, ko da yake ɗaruruwan hannuwa ne suka ɗinka shi. An tanadi alluna masu ɗauke da hotuna da sunayen manyan ma'aikatan, amma wannan bai kashe ƙorafin ba. Haka abin ya kasance game da Fresno. Bayan tafiyar Chicago shirin bai mutu ba, domin Rita Yokoi ta riƙe shi, sannan Joyce Aiken ta ci gaba da shi daga 1973 har zuwa 1992. Shekara ɗaya ta farko ce ta shahara, shekaru ashirin da suka biyo baya kuwa ba a cika ambatonsu ba.

Na uku ya shafi zaɓen waɗanda za a yi koyi da su. Mafi yawan matan da ke teburin Turawa ne. Sojourner Truth, wadda aka haifa a cikin bauta ta kuma yi gwagwarmayar hana ta, ita kaɗai ce baƙar fata 'yar Amurka da aka ba mazauni, kuma farantinta ya sha bamban da na saura. Marubuciya Alice Walker ta soki wannan a 1979, tana ganin alama ce ta yadda fararen mata suka kasa kallon baƙar mace a matsayin mace irinsu. Wannan ya nuna cewa duk wanda ya tsara jerin gwanaye, iyakar ganinsa ita ce iyakar jerin.

Duk da waɗannan matsaloli, ba za a ce horon bai yi tasiri ba, domin ɗaliban sun zama jagorori. A 1973 Chicago da Sheila de Bretteville da Arlene Raven suka kafa makaranta mai zaman kanta a wani gini da aka kira Ginin Mace a Los Angeles, wanda ya yi aiki har zuwa 1991. Suzanne Lacy ta fitar da fasahar zuwa kan titi. A watan Mayu na 1977 ta kafa taswirar Los Angeles kusa da ofishin hukumar birnin, tana buga hatimi a duk wurin da aka kai wa 'yan sanda rahoton fyaɗe, kullum har tsawon mako uku. A 1987 kuma ta tara mata 430 waɗanda suka haura shekara 60 a birnin Minneapolis domin su tattauna rayuwarsu a bainar jama'a. Ita da Faith Wilding duk sun zama malaman jami'a, suka yaye nasu ɗaliban.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda rashin mata a littattafan koyarwa ya tilasta wa ɗalibai su nemo magabatansu da kansu, da yadda neman ya haifar da ajin Fresno da Gidan Mata da Teburin Walima. An kuma ga cewa shugabancin da ɗaliban suka koya ya fi samuwa ne daga ɗaukar nauyin haya da gini da shirya taro, fiye da kallon hotunan gwanayen da suka shuɗe. Har ila yau, an nuna cewa tambayoyin da suka yi wa tarihin maza, wato wa aka rubuta, wa aka bari, wa kuma ya ɗauki yabo, sun dawo kan ayyukansu su ma, kuma daga bakin 'yan uwansu mata suka fito. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan ƙorafe-ƙorafe suka sauya manhajar koyar da tarihin zane a kwalejojin Amurka daga shekarun 1980.