Wa Ke Tsaron Mai Tsaron Gida?

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda ake samun gola. Ana gama raba 'yan wasa, sai a dubi wanda ya rage a ce, "Kai, je ka tsare gida." Duwatsu biyu ne ragarsa. In an ci wasa, maciyin ƙwallo ake ɗagawa sama. In an sha kashi, shi ake zagi har ƙofar gidansu.

Manyan filaye ma haka abin yake. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A majalisa har yau ana tuna ƙwallayen Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, amma ba kasafai ake lissafa waɗanda Theophilus Afelokhai ya hana shiga raga ba. Alherin gola mantuwa yake bi, kuskurensa ne ke shiga tarihi.

Wannan tarihi ya daɗe. A 1950, Uruguay ta doke Brazil da ci 2 da 1 a filin Maracana ta ɗauke kofin duniya. Aka ɗora wa gola Moacir Barbosa laifin, ya yi shekara hamsin yana ɗauke da shi har ya rasu a 2000. A wancan zamani ba wanda ke tambayar abin da ke cin zuciyar ɗan wasa.

Ko a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ake ji da ita a Kanada da Amurka, labarin bai canza ba. A 1989 kaifin takalmin wani ɗan wasa ya yanki wuyan gola Clint Malarchuk ana tsakiyar wasa. Likitoci suka ɗinke raunin, bai cika mako biyu ba ya koma raga, aka yi ta yaba jarumtarsa. Sai bayan shekaru ya bayyana irin firgici da damuwar da ya yi ta fama da su a ɓoye.

Abin da ya farkar da duniyar ƙwallon ƙafa shi ne mutuwar Robert Enke, golan Jamus da Hannover, wanda ya kashe kansa a Nuwamban 2009 yana da shekara 32. Ya daɗe yana ɓoye ciwon damuwa don tsoron abin da zai rasa idan aka sani.

Mu ma ba mu tsira ba. A Janairun 2022 Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar Afirka a Garwa da ƙwallo ɗaya tak. Kafin gari ya waye, zagi da barazanar kisa sun cika shafukan gola Maduka Okoye. Wayoyin hannunmu ne suka yi aikin.

Dokar masu taɓin hankali ta 1958, gadon Turawan mulki, ita Najeriya ta riƙe har farkon 2023, lokacin da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbinta. Doka ta sauya, harshenmu bai sauya ba: wanda ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, sai a ce a kai shi Dawanau, a bushe da dariya.

Ga Asibitin Malam nan kan titin Zariya, an kafa shi tun 1988, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a ciki. Daga gidajen kallon ƙwallo na Gyaɗi-Gyaɗi tafiyar ƙafa ce. Kunya ce ta mayar da hanyar mai nisa. Yaron da muka tura tsakanin duwatsu biyu, idan ya yi shiru bayan wasa, a zauna kusa da shi a tambaye shi lafiya.