Kafin Kalkuletar Wayarka: Injin Da Ke Lissafi Da Haƙora



Ranar kasuwa a Rano ko Kibiya, ana gama ciniki za ka ga an zaro waya: buhu kaza sau naira kaza, amsa ta fito. Shin ka taɓa tambayar kanka yadda ake wannan aikin kafin zuwan batir?

Kakanninmu da yatsu suke yi. Zamanin kuɗin wuri biyar-biyar ake jan su: 20 hauya ce, 100 zangu, 20,000 keso guda. Ƙirga ta kuɓuce maka, sai ka koma farko.

Irin wannan wahala ce ta sa a 1642 wani matashi a Faransa, Blaise Pascal, ya ƙera wa mahaifinsa, jami'in haraji, akwatin lissafi. A ciki akwai faya-fayan ƙarfe masu haƙora a jere, ɗauke da lambobi 0 zuwa 9. Na farko na ɗai-ɗai ne, na biyu na gomomi, na uku na ɗaruruwa. Idan na farko ya zagayo daga 9 ya koma 0, sai ya tura maƙwabcinsa taki ɗaya. Ka tuna "rubuta sifiri, riƙe ɗaya" na firamare? To shi ne ƙarfe ke yi, kuma ba ya mantuwa.

A 1673 Gottfried Leibniz, mutumin Jamus, ya nuna injin da ke yin sau. Dabarar mai sauƙi ce: sau tarawa ce a maimaice. Ka saita 250, ka juya hannun injin sau huɗu, 1,000 ta bayyana. A 1820 Thomas de Colmar ya yi rajistar Arithmometer, wanda daga baya ya shiga ofisoshi da bankuna. A 1948 Curta ya fito, ƙarami har tafin hannu na ɗaukar sa. Kalkuletar aljihu mai batir ce ta yi musu ritaya a shekarun 1970.

Amma dabarar na nan kusa da kai. Duba mitar babur mai lambobi masu juyawa: 9 na komawa 0, ta kusa da ita za ta motsa.

Abu ɗaya ne bai canza ba tun zamanin Pascal: inji abin da ka ba shi yake lissafawa. Sifiri ɗaya ya ƙaru, dubu goma ta zama dubu ɗari. Don haka kafin ka miƙa kuɗi, sake duba abin da ka danna.