Malama Anne Sharp a Gidan Su Jane Austen

A Ingila ta ƙarni na 19, malamar da ke koyar da 'ya'yan masu hali a gida tamkar jemage take: ba ta cikin iyayen gida, ba ta cikin barori. Haka Anne Sharp ta zauna a Godmersham daga 1804 zuwa 1806, tana koyar da Fanny, 'yar Edward, wan marubuciya Jane Austen. Jane ta kau da kai daga bambancin matsayi, ta riƙe ta aminiya, ta ba ta kyautar littafinta Emma, ta kuma rubuta mata wasiƙa wata biyu kafin ta rasu a 1817. Wannan aminci ne ya raya sunan Anne, har Gill Hornby ta gina ƙagaggen labari a kanta a 2022. Dubban takwarorinta kuwa, tarihi ya binne su.