Tarihin Zanen Goyo da Majanyi a Ƙasar Madarunfa

Yau hirarmu bisa wani abu ce wanda kowa ya taɓa barci cikinsa, amma ba wanda ya tuna. Sarki da talaka, malami da almajiri, duk a bayan uwa suka fara kallon duniya. Zane ne ya riƙe su, majanyi ya ɗaure su. To, daga ina wannan zane ya fito? Wa ke yin shi, kuma wa ke bayar da shi? Ku biyo mu sannu ku ji.

Daga gona zuwa masaƙa

A zamanin kakanni, zanen goyo daga gona yake farawa. Ƙasar Madarunfa ƙasa ce mai ruwa. Ga tabki, ga gulbin Maraɗi da ke gangarowa daga ƙasar Katsina, ga gulbin Gabi. In ruwa ya janye, sai ya bar laka mai albarka a fadama. Nan manoma ke shuka taba, da auduga, da baba.

In auduga ta fashe, mata da yara su tsinko ta. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Da farko gurza: a ɗora auduga bisa dutse mai santsi, a murza da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Na biyu shiɓa: a kaɗa ta da ɗan baka har ta tashi, ta yi laushi. Na uku kaɗi. Mace ta zauna a inuwa, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari yana juyawa, zare na fita. Zare iri biyu ne. Akwai siriri mai ƙarfi, shi ake yin wadari da shi. Akwai mai kauri da laushi, wato abawa, ita ke shiga tsakani. Zaren zane guda yakan ci wa mace makonni da yawa, don tana yi ne tsakanin daka da ɗiban ruwa da girki.

Saƙa ma iri biyu ce a ƙasar Hausa. Maza na zama a rumfa, suna jefa ƙoshiya, suna saƙa sawaye masu tsawo, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Daga baya a jera su, a ɗinke da allura, su zama zane ko gwado. Mata kuwa cikin gida suke kafa tasu masaƙar a tsaye, jikin bango, su saƙa mai faɗi gaba ɗaya. Majanyi yakan fito daga irin wannan masaƙa, da gezarsa a baki biyu.

Mai son launi sai ya kai marina. Marini ya daka ganyen baba, ya dunƙula, ya shanya. Ya zuba shi a karofi da ruwan toka, ya bar shi kwanaki har ya nuna. In an tsoma zare aka fiddo, kore-kore yake fitowa. Da iska ta buge shi sai ya koma shuɗi. Haɗa zaren da aka rina da fari shi ke ba da saƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yarinya in ta sami cikin fari, wajen wata na bakwai akan maida ita gidan iyayenta. Shi ake kira goyon ciki. Amma uwarta ta daɗe da fara shiri. Ba ta faɗa wa kowa, don kunya, kuma don haihuwa ta Allah ce. Zare kawai take tarawa a ɗaki.

Ranar haihuwa ba sabon zane ake fara sa wa jinjiri ba. Sabon saƙi na da kaushi. Kaka ce ke fiddo tsohon zanenta wanda ya sha wanki har ya yi laushi, a naɗe jariri ciki. Ke nan tufar farko da mutum ke sawa a duniya, tufar kakarsa ce.

Ranar suna, bayan an yanka rago, malamai sun yi addu'a, wanzami ya yi aski, sai gida ya cika da mata. Kowace da abin da ta riƙo: hatsi, kanwa, sabulu, kuɗi, zane. Wannan shi ne biki. Ka'idarsa sananniya ce: in ƙawarki ta kawo miki dala ashirin, ranar nata sai ki kai mata arba'in. Wani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya daɗe yana binciken wannan al'ada ta kyauta a kwarin Maraɗi, har ya yi littafi a kanta. Amma zanen da kaka ta kaɗa da hannunta, shi ba a lissafa shi cikin biki. Ba bashi ba ne. Da shi za a goya yaro wajen shekara biyu, har yaye. In ƙane ya zo, ya gada.

Zamanin da zarenmu ya kai nesa

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. A shekarar 1807 mutanen jihadi suka ci birnin Katsina. Sarautar Katsinawa ta yi hijira zuwa arewa, har wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Mutane da yawa suka biyo, kowa da sana'ar gidansu. An yi ta yaƙi tsakanin Maraɗi da Katsina shekara da shekaru, amma fatake ba su daina tafiya ba.

A farkon 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano. Ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa ana rinawa a Kano tana kaiwa har Gat, da Murzuk, da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa Tumbutu kaɗai ana kai mata aƙalla kayan raƙumi 300 kowace shekara. Ku tuna, a lokacin babu inji ko ɗaya. Duk zaren nan daga yatsun mata ya fito. Da kuɗin zare mace ke sayen kayan ɗakin ɗiyarta, da shi take yin biki, ba sai ta roƙi mai gida ba.

Yadda mazari ya yi shiru

Abin bai mutu rana ɗaya ba. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, ɗauke da yadin Ingila. Nan gefenmu kuma Faransawa suka ɗora haraji, kuma da kuɗi ake biya. Don samun kuɗin, manoma suka dukufa ga noman gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi. Su sayi gyaɗa, su sayar da akoko da alawayyo da atamfa. Kuɗin da suka bayar da safe, da marece ya koma hannunsu.

Cikin shekarun 1950 kamfanin CFDT ya shigo Nijar yana sayen auduga da anguryarta, inji ke gurzawa. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar zamani a Kaduna. Bayan samun mulkin kai a 1960, Yamai ma ta sami tata. Fari na 1973 da na 1984 suka zo suka ƙara karya noman fadama. Daga baya kuma gwanjo da atamfar ƙasar Sin mai araha suka cika kasuwa, har manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Mu faɗi gaskiya, yadin kanti ya kawo sauƙi. Matar talaka da a da take da zane ɗaya ko biyu, ta sami na canji. Kaɗi kuma aiki ne mai cin baya da ido. Amma an yi hasara biyu. Ta farko, sana'ar da ke ba mace kuɗin kanta ta kuɓuce. Ta biyu, kyautar jinjiri ta koma ta aljihu kaɗai. Yau mace kan ci bashi don ta kai turmin atamfa gidan suna, kada a yi da ita.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. A ƙasar Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, cikin jihar Alabama. Mazaunansa baƙar fata ne, jikokin bayi. Talauci ya sa matansu ke yayyanka tsofaffin tufafin aiki, su harhaɗa, su ɗinka mayafi don ƴaƴansu. A 2002 aka baje mayafan nan a manyan gidajen kallo na birane. A 2006 gidan waya na Amurka ya sa hotunansu bisa kan sarki. Abin da aka raina ya zama abin alfahari.

Mu ma ƙyalle bai ƙare mana ba. Yana nan zube ƙarƙashin keken tela. Mai son yi wa jinjiri shimfiɗa ta tara na auduga, ta bar na leda, don ba ya shan zufa, yana sa ƙurajen zafi. Ta wanke su tas. Ta yanka daidai wa daida, ta haɗa. Ta sa tsohon zane mai laushi a tsakiya, wani a ƙasa, ta bi da allura layi-layi don kada ya tattare. Ta kwantar da bakin ɗinki, kada ya ci fatar yaro. Kuɗinsa zare da allura ne, sai haƙuri.

Sa'an nan ga aiki gare ku, ku da kuka iya rubutu yanzu. A Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Ɗan Isa, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, ku nemi tsofaffin da suka taɓa riƙe mazari. Ku tambaye su sunan kowane zare da kowane zane. Ku tambayi inda karofin garinku yake a da. In akwai tsohon majanyi a ƙasan adaka, a fiddo shi, a nuna wa yara. Ku rubuta abin da kuka ji, ku karanta wa ƴan ajinku, ku aiko mana mu buga. Kada ku bari sai baɗi, don tsofaffin nan ba jiranmu za su yi ba.

Allah ya raya mana ƴaƴanmu, ya saka wa iyayen da suka goya mu da alheri, amin.