Nigerpeton

Nigerpeton (suna, namiji). Wata babbar dabba ce mai farauta da ta rayu a ruwa da tudu kamar yadda kwaɗi ke yi, a ƙarshen zamanin Famiyan, wato fiye da shekaru miliyan 250 da suka shige, kafin bayyanar dinoso. An san ta ne ta hanyar ƙasusuwanta da suka koma dutse, waɗanda aka tono a shimfiɗar duwatsun Moradi da ke kusa da Arlit a arewacin Nijar, kuma Christian Sidor da abokan aikinsa suka bayyana ta a 2005. Tana cikin rukunin Temnospondyli, tsofaffin dabbobi masu ƙafa huɗu da faffaɗan kai, waɗanda yawancin masana ke ganin daga cikinsu kwaɗin yau suka fito. Kanta dogo ne kamar na kada, kuma haƙoran gaba na muƙamuƙin ƙasa sun yi tsawon da idan ta rufe baki sukan ratsa wasu ramuka su ɓullo ta saman hanci. Nau'i ɗaya kaɗai aka sani, Nigerpeton ricqlesi.