FATAKWAL: GARIN DA KWAL YA HAIFA, FETUR YA RENA

'Yan uwa mazauna kudu. Da yawanmu mun yi shekaru a Fatakwal ba mu san cewa garin yaro ne ɗanye ba idan aka gwada shi da Kano ko Katsina.

A 1909 Turawa suka gano kwal a yankin Udi, kusa da Inugu, sai suka shiga neman gaɓar da manyan jirage za su iya tsayawa su yi lodi. Suka same ta a bakin kogin Bonny, ƙasar Ikwerre da Okrika. A 1913 Lugga ya raɗa wa wurin sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila. Port Harcourt ɗin nan ne bakin Bahaushe ya mayar Fatakwal.

Layin dogo ya haɗa garin da Inugu a 1916, ya kai Kafanchan a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan kuzar Jos da gyaɗar arewa suka samu ƙarin hanyar teku, fataken shanu suka bi sawu. Sannan aka samu fetur a Oloibiri a 1956, aka buɗe matatar Eleme a 1965, garin ya zama hedkwatar Jihar Ribas a 1967. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Fatakwal da Obio/Akpor tare mutum kimanin miliyan ɗaya.

To amma jama'a ta fi gidaje saurin ƙaruwa. Talakawa suka cike fadamun bakin ruwa suka yi gini ba takarda. Da gwamnati ta tashi rusau, Njemanze ta tafi a 2009, Abonnema Wharf a 2012. Kafin wannan, bayan yaƙin basasa a 1970, Ibo da yawa sun dawo sun tarar an kira gidajensu dukiyar da aka watsar, wasu har suka mutu ba su karɓa ba.

Abin lura gare mu, 'yan uwa, shi ne yawancin mazauna garin nan zuwa suka yi kamar mu, amma ƙasar tana da masu ita tun kafin Bature. Duk mai shago ko fili ya nemi takardarsa ya adana, mu kuma riƙe mutuncin masu masauki. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.