Kwabo Mai Huji

Har yau a Jega, in mutum ya ce ba shi da ko anini, kowa ya san aljihu ya bushe. Amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa riƙe aninin a hannu?

Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, da wuri ake ciniki a kasuwar Jega, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Fatake su sauke goro da gishiri, a zauna ana ƙirga wuri dubu-dubu. Wannan tsari ne Turawan Ingila suka ƙudura kawarwa.

A 1907 suka fito da kwabo da anini, goma ga kwabo. Duba su da kyau, za ka ga an yi nazarin mai saye da mai sayarwa. An huda tsakiyarsu domin a zura a igiya, tunda riguna ba duka ke da aljihu ba. A fuska ɗaya akwai kambi da sunan Sarki Edward na Bakwai, ga darajar kuɗin da haruffan Larabci, rubutun da malamai da 'yan kasuwa suka iya karantawa. A ɗaya fuskar tauraro ne mai tsini shida, irin hatimin da ake dangantawa da Annabi Sulaiman. Babu hoton sarki, domin hujin ya cinye wurin kansa.

Wannan rashin hoto shi ya jawo abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke so. Edward na Takwas ya sauka daga sarauta a Disamban 1936 kafin kuɗinsa ya shiga hannun jama'a a Ingila. Mu kuwa, da yake suna kawai ake bugawa, kwabonsa ya fito, ya yi yawo a kasuwanninmu.

Sai dai ba kyan zane ne ya kashe wuri ba, haraji ne. Da hukuma ta dage sai da kuɗinta za a biya, dole manomin Aliero ko Maiyama ya kai amfanin gonarsa kasuwa ya nemo su, wurin da ya tara kuwa ya koma adon ƙwarya.

Hujin ya tsallake har cikin kwabon Tarayyar Najeriya na 1959, sai zuwan naira a 1973 ya rufe shi. In ka tsinci ɗaya a tsohon adudun kaka, kada ka yar. Juya shi, ka karanta shekarar.